Ina shayarwa, ina son cin ɗanyen ganye da 'ya'yan itace zalla, ga kuɗin cefane ba yawa

Tambaya: "Assalamu alaikum Anti. Ni mai jego ce a Kaduna, ɗana na fari wata uku cif, nono kawai yake sha. Tun ina da ciki na daina cin nama saboda ƙarninsa yana tayar min da zuciya, har yau ban koma ba. Ƙwai da madara ma da ma ba su dame ni ba. Kwanan nan na riƙa kallon wasu matan Turawa a YouTube masu cin ɗanyen abinci zalla, 'ya'yan itace da ganye da gyaɗa, ba abin da ya taɓa wuta, ba abin da ya fito daga jikin dabba. Sun ce wuta tana kashe amfanin abinci. Yau kwana goma ke nan da na fara. Jikina ya yi sakayau, tumbin ma ya fara sauka, amma da yamma ina yawan jin jiri. Maigida malamin firamare ne, kuɗin cefane ba yawa, na ga ma kamar zan huta da sayen gas. Wane irin ɗanyen abinci mai araha zan riƙa ci da zai ishe ni ni da yaron?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata, barka da arziki, Allah ya raya mana shi.

Abu uku kika haɗa a tambaya ɗaya: barin duk abin da ya fito daga dabba, barin duk abin da aka dafa, da kuma yin haka da ɗan abin da ke hannu, alhali akwai jaririn da bai da wata tukunya sai ke. Na farko mai yiwuwa ne idan an bi sharaɗi guda da zan zo kansa. Na biyu kuwa, a shekarun da na yi ina tsara wa masu ciki da masu jego abinci, ban taɓa ba mai shayarwa shawarar sa ba, ko mai kuɗi ce. Idan aka ƙara masa na uku, lissafin ba ya fita ko ta ina aka biyo. Jirin nan na yamma jikinki ne ya riga ni ba ki amsa.

Inda abin ya samo asali

Wannan tsari ba sabo ba ne. Wajen shekarar 1900 wani likita a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, Bircher-Benner, ya riƙa ciyar da majinyatansa ɗanyun 'ya'yan itace da ganye. Kalmar "bigan" kuma, wato wanda ba ya cin nama ko kifi ko ƙwai ko madara, wani Bature ne Donald Watson ya ƙirƙiro ta a Ingila a 1944. Masu cin ɗanye zalla sun haɗa biyun, suka kafa dokar cewa kada abinci ya wuce zafin digiri 42 zuwa 48, ya danganta da wanda kika tambaya. Hujjarsu ita ce wai ɗanyen abinci yana ɗauke da wasu sinadarai masu taya narkewa, wuta kuma tana lalata su. Gaskiya ne wuta tana lalata su, amma ruwan tsamin da ke cikin tumbi ma yana lalata su, jiki kuma yana ƙera nasa na kansa. Abin da wuta ke ragewa da gaske shi ne bitamin C da wani kaso na folet (wani bitamin daga dangin B), kuma lemo ɗaya ko gwaiba biyu sun biya wannan asarar. A ɗaya ɓangaren, dafuwa tana buɗe sitacin hatsi da furotin ɗin wake jiki ya iya ɗauka, karas da kabewa da aka dafa da ɗan mai ma sun fi ɗanyensu ba da bitamin A.

An taɓa bin diddigin masu wannan tsari a jami'ar Gisen da ke Jamus, mutum sama da 500, aka fitar da sakamakon a 1999. Matan cikinsu sun zubar da kimanin kilo 12 a matsakaici, kashi ɗaya cikin huɗu sun koma ƙasa da nauyin da ya dace da tsayinsu, kusan kashi 30 cikin ɗari na 'yan ƙasa da shekara 45 kuma al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke gaba ɗaya. Waɗannan fa mutane ne masu firji da injin markaɗe da kantin da ake samun komai rani da damina, kuma ba shayarwa suke yi ba. Jikin da ya ɗauke al'ada saboda ƙarancin abinci yana faɗa ne cewa ba shi da rarar da zai ciyar da wani.

Lissafin tukunya da na aljihu

A watanni shidan farko mai shayarwa tana samar da nono kusan mililita 750 kowace rana, wato robar ruwa ta rabin lita ɗaya da rabi. Wannan yana cin kalori kimanin 500 a kan abin da jikinta ke buƙata da ma. Mace matsakaiciya mai aikin gida za ta nemi wajen 2,300 zuwa 2,500 a yini, da furotin kimanin giram 70. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

To bari mu je kasuwa da wannan lissafi. Kilo guda na jan cikin kankana kalori 300 ne kacal, kin ga sai kin cinye kilo 8 kafin ki cika na yini. Kabeji ya fi haka muni. Ayaba ta fi su auki, duk ɗaya wajen kalori 100, amma sai kin ci 24, kuma bayan kin gama furotin ɗin da kika samu bai wuce giram 30 ba, ko rabin buƙatarki bai kai ba. Wannan giram 30 ɗin, gwangwanin madara ɗaya na wake idan aka dafa ya ba ki shi. Ki tambayi mai ayaba kuɗin nono biyu na ayaba, ki tambayi mai awo kuɗin gwangwanin wake, za ki ga inda maganar ta tsaya.

Abincin talaka a ko'ina a duniya hatsi ne da wake da saiwa: gero, dawa, masara, shinkafa, rogo, dankali, doya. Su ne masu araha, su ne masu ajiyuwa, kuma dukkansu sai da wuta. Duk wanda ya haramta wa kansa wuta ya kori kansa daga layin masu awo ya koma layin masu kayan marmari, inda kaya suka fi tsada kuma kwana biyu sun ruɓe. Matan da kike kallo fiya da dabino da yazawa da almon suke cika ciki da su. Abin da za ki tsira da shi na gas ba zai sayi rabin wannan ba.

Akwai masu araha a cikin ɗanyen, ban musa ba. Gyaɗa da riɗi kowanne giram 100 yana da kalori sama da 550, ga aya, ga kwakwa, ga gumba da iyayenmu ke dakawa da jiƙaƙƙen gero. Amma gwada cin gwangwani biyu na ɗanyar gyaɗa kullum ki ga yadda ciki zai kumbura kafin sati ya zagayo. Abin marmari ne tsakanin abinci, ba a gina jego a kansa.

B12, inda babu sassauci

Nan ne na fi son ki tsaya ki karanta da kyau, don wannan ya shafe ki ko kin koma dafaffe.

Jikin uwa yana da wata ɗabi'a: yana fifita jariri. Ko ba ki ci isasshe ba, zai ciro kalsiyam daga ƙashinki, furotin daga tsokarki, ya zuba a nono. Shi ya sa za ki ga uwa ta rame ɗanta kuwa ɓul-ɓul. Sai dai akwai abubuwan da ba ya iya yin wannan dabarar da su, yawansu a nono yana bin abin da uwa ta ci ne kai tsaye: bitamin A, aidin (sinadarin da ake sa wa gishiri), wasu daga dangin bitamin B, da uwa uba B12. Shi B12 ƙwayoyin bakteriya ne ke ƙera shi, mu kuma muna samunsa a nama da hanta da kifi da ƙwai da nono. Babu shi a zogale, babu shi a alayyafo, ba a dogara da daddawa a kansa, garin sifirulina (wani koren tsiron ruwa) da ake tallatawa kuma mai kama da shi ne yake ɗauke da shi, wanda jikin mutum ba ya amfana da shi.

Babban mutum yana da ajiyarsa a hanta da za ta iya kai shi shekaru, shi ya sa uwa za ta ce ai ni lafiyata lau. Jariri ba shi da wannan gata. Abin da ya samu a ciki da abin da ke zuwa a nono shi ke nan, ƙwaƙwalwarsa da jijiyoyinsa kuma yanzu ake gininsu. Ke kuma kin ce tun da ciki kika bar nama, ƙwai da madara ba su dame ki ba. Wato ɗanki zai yiwu ya zo duniya da ɗan guzuri kaɗan. Matsalar ta fi bayyana tsakanin wata 4 zuwa 10.

Akwai wani yaro ɗan wata bakwai da ba na mantawa. Uwarsa ba ta taɓa jin kalmar bigan ba, talauci ne ya raba ta da nama da nono fiye da shekara. Yaron ya fara zama, ya fara dariya, sai komai ya riƙa komawa baya. Ya daina zama, wuyansa ya saki, idan an ɗaga shi kamar an ɗaga jiƙaƙƙen tsumma, ko nonon ma sai ya kama ya saki. Gaɓoɓin yatsunsa sun yi duhu, hannunsa yana ɗan karkarwa. Kakarsa ta rantse shafar iska ce, an sha rubutu an yi hayaƙi. Gwajin jini ya nuna B12 ɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai. Aka fara masa allura, kafin sati ya cika ya fara bin mutane da ido yana murmushi. Ya tashi, amma tafiya da magana sun zo masa a makare, kuma ba kowane yaro ne ke dawowa daidai ba idan aka daɗe ba a gano ba.

Buƙatar mai shayarwa a rana ba ta kai komai ba, maikirogiram 2.8 a lissafin Amurka, 5 a na Turai. Amma da yake hanji kaɗan yake tsotsa daga ƙwayar B12 ta kemis, ana shan fiye da haka. Ƙungiyar 'yan bigan ta Ingila da kanta tana cewa mabiyanta su sha aƙalla maikirogiram 10 kullum ko 2,000 sau ɗaya a mako. Ni ga mai shayarwa irinki 50 kullum nake rubutawa, idan kuma gwaji ya nuna an riga an yi ƙasa, allura ake fara yi.

Ki kula da abu biyu a kemis. 'Yar ƙaramar rawayar ƙwayar nan ta bi-kwamfiles da ake ƙirgawa a leda, sau da yawa babu B12 a cikinta sam, ki sa a nuna miki kwalin ki ga an rubuta B12 ko sayanokobalamin da adadinsa. Na biyu, folik asid da aka ba ki a wajen awo, da folet ɗin da ke cike a ganye, suna iya gyara jinin ya fito kamar lafiya lau alhali jijiya tana ci gaba da lalacewa. Don haka "an auna jinina an ce ya isa" ba ta wanke ki ba.

Aidin ma a taƙaice. Mai shayarwa tana buƙatar maikirogiram 250 a rana bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma mafi yawanmu daga gishirin leda muke samu, wanda doka ta wajabta sa masa aidin a Najeriya tun 1993. Masu cin ɗanye sukan bar gishiri ko su koma na dutse mai ruwan hoda. Shi da manda da balma ba a sa musu aidin. Ki riƙe na leda, ki rufe shi a gwangwani.

Abin da ba a ci ɗanye

Za ki ga suna jiƙa wake ya tsiro su ci. Kada ki gwada. Jan wake irin na Turawa, ƙwaya huɗu ko biyar ɗanye sun isa su sa amai da gudawa. Namu farin waken da waken suya ba su kai shi dafi ba, amma suna da sinadarin da ke hana jiki narkar da furotin, sai tafasa ke karya shi. Rogo kuma, musamman mai ɗaci, yana da guba dangin sayanaid, jiƙo da dafuwa ke fitar da ita, ragowarta ma tana hana maƙoshi amfani da aidin. Ita tsirarriyar ƙwaya, ɗumi da laimar da ke sa ta tsiro su ne ƙwayoyin cuta suka fi so. A 2011 tsiron hulba ya jawo annoba a Jamus, mutane kusan 4,000 suka kwanta, sama da 50 suka mutu. Na ambaci hulba da gangan don na san masu jego suna shan ta saboda ruwan nono. A tafasa ta.

Sai salak da kabeji da lansir. Lambu da yawa a gefen manyan garuruwanmu da ruwan kwata ake ba su ruwa, mai sayarwa kuma yana yayyafa musu wanda ya samu. Wanda yake cin ɗan salak a gefen shinkafa da wanda salak ne abincinsa safe da rana da dare, haɗarin taifot da tsutsar ciki ba ɗaya ba ne a kansu. Gudawar kwana uku ga mai shayarwar da da ma ba ta ƙoshi ba ƙaramin abu ba ce. A ware ganye ɗaya-ɗaya, a wanke da ruwa mai tsafta sau uku, abin da ake ferewa a fere. Gyaɗa kuma a tsince, duk wadda ta yi fumfuna ko ta motse ko take ɗaci a zubar, domin gubar fumfunar tana ratsawa har cikin nono, suya ma ba ta kawar da ita duka.

To me za a ci?

Shawarata ki mayar da tukunya kan wuta yau ɗin nan, ki bar ɗanyen ya zama rakiya. Abin da ya burge ki a tsarin, wato yawan ganye da 'ya'yan itace da barin kayan gwangwani da lemon kwalba, ki riƙe shi, abu ne mai kyau. Sakayau ɗin da kika ji daga nan ya zo.

Girkinmu na gida da ma rabinsa babu nama. Da safe kunun gyaɗa mai kauri da ƙosai ko alale, ko kunun gero da aka haɗa da garin soyayyen waken suya. Da hantsi gwanda ko mangwaro ko duk abin da yake yayi, don na yayi shi ne mai araha, da cikin tafin hannu na gyaɗa. Da rana garau-garau da manja, a yanka tumatir da albasa da salak a kai a matsa lemon tsami. Lemon tsamin nan ba don daɗi kaɗai ba ne, bitamin C yana taimaka wa hanji ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake, shayi kuma hana shi yake, don haka ki ba shi tazarar awa guda da abinci. Da la'asar awara, ita ce naman mai ƙaramin ƙarfi, kuma idan a gida kika yi kwano ɗaya na waken suya zai kai ku nesa. Da dare tuwo da miyar kuka ko taushe ko zogale da aka daka wa gyaɗa. Kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli duk lokacin da yunwa ta taso, kantu a ajiye kusa da gado saboda shayarwar dare.

Tunda ba kya shan madara, kalsiyam ɗinki zai fito ne daga kuka da zogale da riɗi, da kuma tamba, wadda ba ta wuyar samu a Kaduna kuma ta fi sauran hatsi kalsiyam nesa ba kusa ba. Ki riƙa fita hantsi ke da yaron na ɗan lokaci saboda bitamin D.

Maganar gas kuwa, a jiƙa wake tun dare, ya rage lokacin dafuwa sosai. Idan ya tafasa minti goma sha biyar, ki sauke tukunyar a rufe, ki naɗe ta da tsohon bargo ki tura cikin kwando, bayan awa uku za ki tarar ya nuna. Wannan ya fi zuba kanwa, don kanwa tana kashe bitamin B1. Da na ambace ta, kunun kanwar jego ma a sassauta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan sa da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Ba duk abin da aka gada ne nake karewa ba.

Sannan ke ba aƙida ce ta raba ki da nama ba, ƙarni ne. Idan haka ne ƙofa a buɗe take. Dafaffen ƙwai ɗaya, kofin kindirmo a fura, garin busasshen kifi cokali guda a miya inda daddawa za ta danne ƙarninsa, ko 'yar hanta sau ɗaya a mako, kowanne yana kawo B12. Ko kin yi haka ki sha ƙwayar har ki yaye, saboda an daɗe ana cin ajiyar. Tumbi kuma zai sauka, shayarwar kanta tana cin kitse. Rabin kilo a mako ya isa, abin da ya wuce haka garin neman gira ne a rasa ido. Addini ma da ya ɗauke wa mai shayarwa azumin Ramadan idan ta ji tsoro ga kanta ko ɗanta, ai ba zai so ta ɗora wa kanta wanda ba a wajabta mata ba.

Iyakar abin da zan iya daga nesa

Ban gan ki ba, ban auna ki ba, ban ɗaga yaron na ji ƙarfin wuyansa ba. Jirin zai iya zama yunwa ce kawai, zai iya zama ƙarancin jini tun na haihuwa, zai iya zama hawan jini ko saukarsa, kuma rubutu ba ya bambance su. Allurar sati 14 ta ƙarato, kada ki tsaya a layin rigakafi kaɗai. Ki ga likita ki faɗa masa ƙarara cewa kusan shekara ba ki ci nama ko ƙwai ko madara ba, a auna jininki da bugunsa, idan da hali a yi gwajin B12. Idan gwajin ya fi ƙarfin aljihu, ki fara shan ƙwayar, ba ta da illa a wannan adadin. A ɗora yaron a sikeli a duba layinsa a kati ko yana hawa.

Kafin ranar, ki ƙirga fitsarinsa, ya kamata ya jiƙa nafkin aƙalla sau shida a yini. Idan kika ga ya cika barci ba ya tashi neman nono, ko ya daina murmushin da ya saba, ko jikinsa ya saki, ko tafin hannunsa ya yi fari, ko yana karkarwa, kada ki jira ranar allura, ki kai shi a ranar. Ke ma idan tafin ƙafarki ya fara yi miki kamar ana tsira allura, ko harshe ya yi ja yana zafi, haka. In ya cika wata shida kuma, dafaffen kunu mai kauri da garin gyaɗa da waken suya za a fara masa, da gwaiduwar ƙwai, nono yana ci gaba. Kunun aya da madarar waken suya ta gida ba sa maye gurbin nono ko na yini ɗaya.